Zumar da Ta Ci Ƙafar Malam

Abin nan ya faru ne da daminar da ta biyo bayan canjin takardun kuɗi, lokacin da mutanen gari suka yi ta wuni a ƙofar banki, mu muna jin labarin kamar tatsuniya. Shekara biyu ke nan da Ardo ya kaɗa shanunsa ya bar mana bakin dajin saboda masu bindiga, shekara guda kuma da iska ta kayar da babbar ɗorawar ƙofar gidanmu. Ni ban yi boko ba, da irin wannan nake riƙe shekaru. 'Yata Lami ce ke riƙe da biro, na kuwa gaya mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina.

Abin da ya tayar min da maganar, ɗan ƙanena ne ya zo gaishe mu daga Kaduna, ma'aikaci, da tumbinsa da agogonsa. Ya miƙe ƙafa a tabarma ya ce, "Goggo, ai ku kuka ci duniya a daji. Ba mai kawo muku takardar wuta, ba mai gidan haya, ba maƙwabci. Ni ma in na ajiye aiki can zan shiga, in kafa sola, in haƙa rijiya, in rabu da kowa." Na dube shi sama da ƙasa. Mutumin da in mura ta kama shi sai an kira masa mai kemis har gida! To ga amsarsa, shi da duk mai irin wannan mafarkin.

Ba na ƙaryata shi gaba ɗaya. Mun ci duniya. Shekara arba'in da ɗoriya muka yi ni da maigidana Malam a tungarmu, can bayan Gayam, inda gonaki ke ƙarewa itatuwa su fara. Gida ɗaya tal. Dawa da masara a rumbu, kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki. Man kaɗe ni ke yi, daddawa ni ke dafawa, sabulu ni ke haɗawa da toka. Rijiya Malam ya haƙa da hannunsa. Gishiri da kanwa da ashana kaɗai ke shigo mana daga kasuwa. 'Ya'ya bakwai na haifa a ɗakin nan ba ungozoma, huɗu suka tsaya, ban kuwa taɓa tambayar kaina dalili ba sai yanzu da na tsufa.

Sai zuma. Mutanen ƙauye Mai Amya suke kiran Malam, saboda amyoyin da yake saƙawa da ciyawa ya hau ya ɗaura wa ƙudan zuma a kan reshe. Da furfurarsa yana hawan maɗaci ba takalmi. Zuma ita ce kasuwarmu, ita ce asibitinmu. Tari, zuma. Ƙuna, zuma. Ciwon ido, a ɗiga zuma. Mai jego ta sha a kunu. Tana kuma yi, kar wanda ya ce min ba ta yi.

Da masu bindiga suka fara addabar ƙasar, Malam ya ce hanya ita ke kawo ɓarawo. Ya bar 'yar hanyarmu ta toshe, har sarƙaƙiya ya jawo ya zuba a bakinta. Ana nan sai ga Audu Sarkin Noma na Unguwar Kaɗe, ƙauyen da ya fi kusa da mu, ya zo da goronsa yana gayyar aiki. Ya ce za a share hanya tun daga ƙauye har tungarmu, a jera gumagumai a kan rafin da ya raba mu, don babur ya riƙa ƙetarewa da damina. Malam ya ce a kai kasuwa. Ni kuma da bakina da ba ya shiru na leƙo ta zana na ce, "Sarkin Noma, masu awon dawa a kwano su ke neman hanya. Gidan da ba ya roƙo ba ya zuwa gayya."

Ya mayar da goronsa aljihu ya ce, "Allah ya bar ku da lafiyarku, Yaya Kande."

Suka gyara tasu ta wajen Gayam, suka bar rafinmu yadda Allah ya yi shi. Gefenmu ya koma kurmi. Masu bindiga kuwa ba su taɓa shigo mana ba, wannan ma gaskiya ne, sai muka ƙara kumbura.

Tun da bazara na ga Malam ya sauya. Randa ba ta kaiwa azahar. Ya sha ruwa ya zaga, ya dawo ya sake sha. Yana ci kamar gara, yana ramewa, wando na zame masa. Wata safiya na ga kiyashi sun yi baƙi ƙirin a inda yake tsugunawa. Ku ji wauta, dariya na yi. Na ce, "Malam, ka sha zuma har ta fara fita ta ƙasa." Shi ma ya dara. Da ina da maƙwabciya ko ɗaya da zan kai wa wannan barkwancin, da ta dafe ƙirji ta ce min ciwon suga ne, don yanzu na gane ko yaran gari sun san alamar. Amma wa zan faɗa wa? Kaji?

Da na ga ramar ba ta tsaya ba, sai na yi abin da na gada. Na ƙara masa zuma. Ludayi biyu a koko da safe, a fura da rana, da yamma ya lashe ta zalla.

Ana cikin noman firi iska ta karkatar da wata amya, ya je ya hau ya gyara. Da ya dawo na ga jini a sawunsa tun daga ƙofa. Ƙaya ce ta shige tafin ƙafarsa ta dama, tsawon ɗan yatsa, shi kuwa bai ma sani ba. Na ce, "Ba ka ji ba?" Ya ce, "Ƙafar namiji ce." Na cire, na wanke da ruwan ɗumi, na cika ramin da zuma, na ɗaure da tsumma. Mako ya zagayo ciwo bai rufe ba. Mako na biyu ƙafa ta haye kamar tulu, tana tsattsafo da ruwa, shi kuwa yana dogara sanda yana zuwa gona.

A mako na uku Sule ƙanen Malam ya zo daga Tsohon Birnin Gwari karɓar zumar da yake kai mana kasuwa. Ya duba ƙafa ya girgiza kai. Ya ce, "Yaya, wannan ba ƙaya ba ce, taka abu ka yi. Mai amya irinka bai rasa mahassada." Ya koma ya zo da wanzami, aka yi sakiya. Wanzami ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya huda kumburin, ɗaki ya cika da ƙauri. Malam ko gezau. Wanzami ya ce tunda yake bai taɓa ganin jarumi irin wannan ba, ni har da guɗa. Ashe ba jarumta ba ce, ƙafar ce ta riga ta daina ji. Muna tsaye muna yabon gawa.

Mako na huɗu wari ya fara. Yatsu biyu suka yi baƙi. Sule ya kai wa Lami labari a Birnin Gwari inda take aure, ta hau babur har ƙauye, ta tattare zane ta ƙetaro rafi, lokacin ruwan bai wuce gwiwa ba. Tana ɗaga tsumman ta fashe da kuka.

"Baba, don girman Allah ka tashi mu tafi asibiti yau."

"Uwata ba a asibiti ta haife ni ba."

Ta juyo wajena. "Inna, ke ma kina gani kin yi shiru?"

Lami, rubuta abin da na ce miki, kar ki tsallake. Cewa na yi, "Ke da kika saba da ruwan leda za ki koya mana jinya? Kafin a haife ki nake warkar da gyambo." Ta tafi tana share hawaye. A ranar kuwa Malam zai iya taka rafin nan da ƙafarsa, da sandarsa, da bakinsa. Ni na tare ƙofa.

Mako na biyar marka ta sauka, kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Zazzaɓi ya rufe shi. Ya fara sambatu yana kiran uwarsa da ta rasu tun ina amarya, ya dube ni ya ce wace ce wannan. Baƙin ya haura idon sawu. Na sa hannu in ɗaga shi na kasa ko zaunar da shi. Na fito tsakar gida na tsaya. Rumbu cike, rijiya cike, tulunan zuma jere a ɗaki. Duk abin da muka tara shekara arba'in yana nan, amma babu ɗaya a ciki mai hannu.

Da hantsi na ɗauki sandarsa. Sarƙaƙiyar da muka zuba don ɓarayi ita ta fara yaga min zane da fata. Rafi ya kawo min har ƙirji, saiwoyi na riƙa kamawa ina kalmar shahada. Na isa Unguwar Kaɗe jiƙe sharkaf, ba ɗankwali, na tarar da maza a zauren Sarkin Noma sun fake wa ruwa.

Wani Ilu, mai baki kamar reza, shi ya fara gani na. Ya ce, "A'a, yau ga damisa a kasuwa! Yaya Kande, awon dawa aka zo?"

Aka kwashe da dariya. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba in ban da iyayena da mijina, na zube gwiwa biyu a cikin taɓo. Na ce, "Sarkin Noma, gayya na zo. Malam na mutuwa."

Ilu ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ai na ji an ce gidansu ba ya roƙo."

Sarkin Noma ya ce, "Rufe mana baki, Ilu. Ka ajiye, in ya warke ka rama. Tashi, Yaya Kande, kin girme mu." Ya miƙe ya ɗage ƙyauren zaurensa daga mazauninsa, ya ce a kawo igiya da adduna.

Su shida suka biyo ni, har da Ilun. Biyu a gaba suna sara, huɗu ɗauke da ƙyaure. Suka ɗaure Malam a kai, suka ɗora shi bisa kawunansu suka shiga rafi, ruwa har wuya, igiya ɗaure a bishiyar ƙirya ta tsallake. Tafiyar da babur zai yi kafin ruwan shayi ya tafasa, ita ta cinye mana wuni. La'asar ta yi mana a ƙauye, kuma ba mai hankalin da ke bin hanyar nan bayan la'asar, dole muka kwana. Washegari aka matse shi a babur tsakanin direba da Sarkin Noma har bakin kwalta, daga nan mota.

Ba zan kama sunan asibitin ba. Malam na kwance a baranda ƙudaje na binsa, mu muna layin yankar kati. Mai rubutu ya ce shekarunsa nawa, na ce an haife shi shekarar fara. Ya ce wace farar, na ce wadda ta ci gero, ko akwai mai cin shinkafa dafaffiya? Daga nan layin ganin likita, har rana ta karkata. Wata nas ta zo ta toshe hanci da gefen hijabi ta ce, "Ku mutanen daji, sai abu ya ruɓe ku kwaso mana."

Na ce, "Yarinya, da akwai irinki ko ɗaya a dajin, da bai ruɓe ba."

Har yau ina kan bakana. Masu neman ƙuri'a sun san hanyar Unguwar Kaɗe sarai, sun zo da atamfa da sabulu. Amma ko ɗakin awo guda mai ɗan abin huda yatsa na gwajin suga ba a taɓa kafa mana a kusa ba. Ana cewa mun guji gwamnati. Yaushe ta zo da muka guje ta? Sai dai kuma in faɗi gaskiya don Allah, nas ɗin nan ita ce ta wanke ƙafar da hannunta safe da yamma, ba ta sake toshe hanci ba, har ruwan zafi take kawo min a filas. Allah ya saka mata, ya kuma gyara mata baki.

Likitar mace ce, ƙarama, mai tabarau. Ta huda masa yatsa ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta ce sugan ya wuce inda na'urar ke iya faɗa. Ta ce, "Iya, me yake ci?"

Na gyara zama. Na ce dawarmu, nonon Fulani in an samu, sai zuma zalla wadda ba a taɓa sirka ta da ruwa ba.

"A kan ciwon kike sa masa?"

"A kan ciwo, da kuma a baki. Sau uku kullum, tun bazara."

Ta ajiye bironta. Ta ce wadda na sa a kan ciwo ba laifi. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, a hankali, "Amma Iya, ɗaki na cin wuta kina watsa masa man gyaɗa." Wannan maganar da ita za a binne ni. Da hannuna, da ludayina, da soyayyata.

Mako na shida aka yi ta ƙarin ruwa da allurai. Aka ce sai an ƙara masa jini. Mijin Lami ya bayar, Sarkin Noma ya bayar, Ilu ya nannaɗe hannun riga yana cewa a ɗiba da yawa ko Mai Amya ya koyi gaisuwa. Awakina suka bi ta hannun Sule ɗaya bayan ɗaya, tulunan zuma suka bi bayansu. Kwana uku Malam ya dawo hayyacinsa ya gane ni. A ranar likita ta ce ƙafar ta mutu, in ba a cire ta daga ƙasan gwiwa ba dafin zai hau ya tafi da shi. Ta kawo takarda ya dangwala yatsa.

Ya tura hannunsa ƙarƙashin bargo. Ya ce, "Da ƙafa biyu na zo duniya, da biyu zan koma. Wa zai hau min itace?"

Sule ya goya masa baya, wai akwai wani mai magani da ke tsotse irin wannan. Likita ta ce, "Baba, yau ƙasan gwiwa nake magana. Kullum ka ƙara kwana, wuƙar hawa take yi." Ya juya mata ƙeya. Kwana biyu ana lallashi, Lami ta yi kuka har muryarta ta dushe. A rana ta uku na ce kowa ya ba mu wuri, na ja kujera na zauna dab da kansa.

Na ce, "Malam, me kake tsarewa? In girma ne, ya tafi a rafi. Na durƙusa a gaban maza da jiƙaƙƙen zane. A kan ƙyauren Sarkin Noma ka fito kamar buhun masara. Jinin Ilu ne ke yawo a jikinka yanzu haka."

Ya ce, "Ke Kande, ki bar ni in mutu ban zama kayan wani ba."

Na ce, "To mutu. In ka mutu wa zai wanke ka? Wa zai haƙa? Ko kai za ka tashi ka kai kanka ka ja ƙasa ka rufe? Tunda nake ban taɓa jin wanda ya binne kansa ba. Ko da ƙafa ko ba ƙafa sai an ɗauke ka. Ni dai na fi son a ɗauke ka kana numfashi."

Can ya zaro hannu daga bargo, bai dube ni ba, ya ce, "Kira ta ta kawo tawadar."

Amma kwana biyun nan sun ci gwiwar. Daga samanta aka yanke. Sarkin Noma ya karɓi ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, ya kai maƙabarta ya rufe ta yadda ake yi.

Wata biyu muka yi a gadon asibiti ana wankin ciwo. Da aka sallame mu aka ce allura safe da yamma har ƙarshen rai, kuma ba ta son zafi. Tana kwana a firjin maƙwabtan Lami, in an ɗauke wuta mu tura ta cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Tunga ba mu koma ba, gidan Lami muka zauna. An ce jinka ta rufta, rijiya ta cika da ganye. Dawar rumbu na ce mutanen Unguwar Kaɗe su kwashe.

Ina jin haushi har yanzu, kuma ban san wanda zan fi ɗora wa ba. Masu mulkin da suka bar mu da ƙaya da masu bindiga, ko Malam da taurin kansa, ko ni da ludayina. Ban ce kowa ya naɗe hannu yana jiran a ba shi ba, ni ba jinin maroƙa ba ce. Ka noma abincinka, ka haƙa rijiyarka, yana da daɗi, na ɗanɗana. Amma duk wannan lafiya ce ke ɗauke da shi a ka, ranar da ta sauke sai ka nemi mutum. Ka bar hanyarka a buɗe. In an kawo maka goron gayya ka karɓa. In kuma ka ga naka yana shan ruwa ba ƙoshi, yana ramewa, kiyashi na bin fitsarinsa, ko ƙaya ta shige shi bai ji ba, kar ka yi guɗa. Ka kai shi a huda masa yatsa tun yana iya tafiya.

Cikin waɗanda suka ga wannan abu, wanzami ya riga mu gidan gaskiya. Sule na nan, har gobe cewa yake sammu ne. Likitar an ce an mayar da ita wani gari, Allah ya kai mata ladanta can. Cikin shidan da suka shiga rafi, an tare biyu a hanyar kasuwa, ɗaya ya dawo, ɗaya har yau shiru. Ilu na nan da bakinsa, duk ranar kasuwa sai ya biyo ya tambayi Malam yadda jininsa ya kwana. Sarkin Noma ya rasu bazarar da ta wuce. Da labari ya zo, Malam ya ce wa Lami ta nemo masa babur. Ya isa ana shirin ɗaukar makara, ya ce sai ya sa kafaɗa. Aka ce ya yi haƙuri, ya ce bai yi. Ya jefar da sanda, Ilu ya tallafe shi ta hammata, ya yi taku uku da makarar a kafaɗarsa sannan aka karɓe shi.

Ni ban gani ba, mata ba sa zuwa. Ilu ne ya ba ni labari. Ya ce wallahi Malam ya fi makarar nauyi.